Jinin Kawu

A gida Auta ake ce mata, a wurin aiki kuma Dakta, ko da yake ba ta taɓa duba mara lafiya ba. Wannan ne abin da Umma ta kasa ganewa. In wata maƙwabciya ta shigo da ciwon gwiwa, sai Umma ta nuna ƙofar ɗakin Auta da haɓa, ta ce, "Ga likita can, amma ba ta mutane ba ce." In aka tambaye ta to ta mene ne, sai ta ce ita ma jira take a gaya mata.

Aikin Auta neman hoto ne. Ta yi shekaru tana neman hoton abu guda, wato ƙahon da ke jikin ƙwayar cutar zazzaɓin nan mai sa zubar jini. Ƙwayar tana da irin ƙahonnin nan birjik, da su take maƙale wa ƙwayoyin halittar jikin mutum ta kutsa ciki. Kowane ƙaho furotin ne guda uku manne da juna. In aka san siffarsa, an san inda za a damƙe shi. Ɗakin bincikensu yana hawa na biyu a jami'a, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru, kuma ƙwayar cutar kanta ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Ƙahon kaɗai suke ƙerawa, a cikin kwalabe masu ruwan hoda da wata na'ura ke wuni tana girgizawa. Auta ta yi wa Umma wannan bayani har bakinta ya gaji. Duk da haka Umma a waje take sa ta bar takalmin aikinta.

Matsalar ita ce ƙahon ba ya zama. Da an raba shi da ƙwayar, sai ukun nan su saki juna, kowa ya lanƙwashe ya kama gabansa. Auta takan yi makonni tana tace shi, ta kai wa Dogo, mai kula da na'urar ɗaukar hoton. Dogo ya ɗiga ɗigo guda a kan wata 'yar raga da ba ta kai farce ba, ya daskarar da shi, ya zura a na'ura. Sai su zauna su zuba wa allon kwamfuta ido. Can Dogo ya sosa gemu.

"Sun rabu," ya ce.

"Duka?"

"Akwai wasu biyu a can gefe da nake ganin kamar suna sulhu. Amma ban sa rai ba."

Wata ranar Litinin Oga, farfesan da ke shugabantar ɗakin, ya ce sun gaji da lallashi. Jikin wanda ya yi cutar ya tashi yana ƙera wasu ƙananan furotin masu siffar gwafa, waɗanda ake kira antibodi, kowanne da wurin da ya iya kamawa. In aka dace da wanda ke kama ƙahon yana tsaye, shi zai riƙe ukun wuri guda har a ɗauki hoto. Saboda haka ana neman jinin waɗanda suka warke. Ya ce an samu izini, saura mutane, kuma mutane ba sa son a san sun taɓa yi.

"Ina da mutum ɗaya," in ji Auta. "Amma kawuna ne."

"To ke ba za ki taɓa kwalbarsa ba. Dogo zai yi."

Kawu yayan Umma ne, mai aski ne, shagonsa na ƙarƙashin wani bene a layin masu gyaran waya. Lokacin da annobar zazzaɓin ta zo, shi da matarsa, wadda yaran dangi ke kira Anti, mota ɗaya ta kai su asibiti. Shi ya fito, ita ba ta fito ba. Ya dawo kunnen hagu ba ya ji, ya buɗe shago, ya share, ya zauna. An daɗe kafin wani ya yarda ya miƙa masa kai. Bai taɓa maganar asibitin da kowa ba. Abin da dangi suka lura kawai, in hanya ta biyo da shi ta ƙofar asibitin, sai ya tsallaka titi.

Auta ta same shi yana karkaɗe wa wani tsoho wuya. Ta gaishe shi ta ɓangaren dama, ta jira tsohon ya fita, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta zo da jawabi mai tsawo a ranta, ta yi zaton za a sha daga. Kawu ya ajiye burushi.

"Jinina suke so?"

"Kaɗan ne, Kawu. Bai kai rabin kofin shayi ba."

"Yanzu suke so," ya ce. Ya dubi kansa a madubi, ya gyara wuyan riga. "Yanzu. To, a ce musu ina zuwa."

Bai zo shi kaɗai ba. Ranar da aka sa, wata tsohuwar bas ta tsaya a ƙofar ginin, Kawu ya sauko daga gaba fuskarsa a ɗaure, wani ƙaton mutum mai faɗin ƙirji ya zagayo daga wajen sitiyari yana gaishe da kowa, har da masu shara. Direba ke nan. Gadonsa ne ke kusa da na Kawu a asibiti. Tun daga lokacin yake ɗaukar Kawu a matsayin amini, shi kuwa Kawu "mutumin nan" yake ce masa. Ya gaya masa maganar ne kawai don yana neman wanda zai kawo shi.

"'Yata!" Direba ya ce da Auta. "Ni da wannan bawan Allah, bokiti ɗaya muka yi amai a ciki. Akwai zumuncin da ya fi wannan? Ni ma a ɗiba. A ɗiba da yawa, ina da shi."

A bencin jira Kawu ya tashi ya sake wuri, ya zauna yadda kunnen hagu zai fuskanci Direba. Direba ya ci gaba da labari, Kawu yana gyaɗa kai cikin kwanciyar hankali. Da aka tambaye su ko suna son a gaya musu sakamako, duka biyun suka ce suna so.

Daga ranar shagon Kawu ya samu sabon zance. Duk wanda ya zauna a kujera, da an ɗaura masa ƙyalle sai ya ji. "Ni ban yi karatu mai nisa ba," Kawu kan ce, "amma jinina yana jami'a." In aka tambayi me yake karantawa, sai ya ce shi ba karatu ya je ba, koyarwa yake. Labari ya kai wa Umma, ta tare Auta a tsakar gida.

"Ashe jinin Yaya ne maganin, ba ki faɗa ba?"

"Umma, ba a ma gama dubawa ba."

"Shi ya ce an gama."

Auta ta fara zagaye layin masu gyaran waya in za ta wuce.

Aikin ya ci watanni. Wasu mutanen sun zo bayan su Kawu, ɗaya-ɗaya, wasu da hula a sauke har gira. Daga jinin kowa aka tsamo antibodi iri-iri, ana gwada su da ƙahon. Yawancinsu ko kallonsa ba su yi ba. Wata rana da hantsi, Auta tana wanke kwalabe, Dogo ya leƙo.

"Ki zo."

"Sun rabu?"

"Ki zo dai."

A allon akwai ɗigo-ɗigo masu duhu kamar an watsa barkono a kan toka, kuma kowane ɗigo kusurwa uku gare shi. Auta ta jawo kujera ta zauna ba tare da ta cire safar hannu ba. Dogo ya sosa gemu, ya ce shi dai bai saba ba, bai san me ake cewa a irin wannan lokaci ba. Oga ya shigo, ya cire tabarau, ya mayar, ya ce a kira mai gyaran janareta ya zauna kusa, kada wuta ta yi musu wulakanci.

Bayan kwamfuta ta haɗa dubban ɗigon nan ta fitar da siffa, sai Auta ta ga abin da ta yi shekaru tana nema. Ta ga kuma dalilin da ya sa jiki ke shan wahala da shi. Ƙahon a lulluɓe yake da rassan sukari tun daga sama har gindi, ba wurin sa hannu, sai wata 'yar kafa a daidai inda biyu daga cikin ukun suka haɗu. A nan antibodin ya zura kai, ya dafe wannan ya dafe wancan.

"Na wa ne?" ta tambaya.

Dogo ya dube ta, ya dubi rufi. "Ba na kawunki ba ne."

"Nasa fa?"

"Nasa suna da yawa, wallahi. Jarumai ne. Amma duk ɓaraguzai suke kamawa. Ba ko ɗaya da ya san ƙahon in yana tsaye."

Oga ya ce a kira Kawu da Direba, kowa a gaya masa nasa shi kaɗai a ofis, haka ƙa'ida take. Ƙa'idar ba ta yi la'akari da Direba ba. Shi aka fara shigar da shi, bai yi minti nawa ba ya banko ƙofa ya fito baranda hannuwa a sama.

"Nawa ne! Jama'a, nawa ne ya kama shi! Ni da ko sauro ban iya kamawa!"

Kawu yana kan benci, kuma a ranar an yi rashin sa'a kunnen dama ne ke fuskantar ƙofa. Direba ya rungume shi, ya ce kada ya damu, ai jininsu ɗaya, tunda bokiti ɗaya. Sannan ya sauka ƙasa don ya gaya wa masu gadi.

Kawu bai shiga ofishin Oga ba. Ya ce 'yarsa ta gaya masa. Auta ta kai shi ɗakin kwamfuta, Dogo ya tuna yana da wani aiki a wani wuri. Ta jawo wa Kawu kujera, ta zauna a damansa, ta buɗe hoton. Ƙahon yana juyawa a hankali, ukun da launi uku, antibodin Direba da ruwan ɗorawa a maƙale a gefe.

Kawu ya daɗe yana kallo.

"Shi ne wannan?"

"Hannunsa ne, Kawu. Da shi yake buɗe ƙofa."

"Na zaci zai fi haka muni." Ya matso. "Wannan gashin fa? Duk ya cukurkuɗe."

"Sukari ne."

"Irin na shayi?"

"Danginsa. Kuma ba nasa ba ne. In ya shiga jikin mutum, a can ake ƙera masa sababbin ƙahonni, da sukarin mutumin ake lulluɓe su. Masu gadin jiki su zo su shafa, su ji sukarin gida, su wuce. A ciki kuma yana da wani furotin da aikinsa kawai share sawu, don kada a yi ƙararrawa da wuri. Kafin jiki ya farga an yi nisa."

"To nawa me suka kama?"

Ta buɗe wani hoton, na ƙahon bayan ya watse, dogo, a miƙe, ba ya kama da na farko ko kaɗan. "Wannan. In ƙahon ya gama aikinsa, ko ya karye, haka yake komawa, cikinsa ya fito fili, ba sukari. Jini ya cika da irinsu. Jiki ya ga abin da yake iya gani, ya ƙera masa antibodi. Ba kai kaɗai ba ne, yawancin mutane haka ne."

"Wato ɓarawo yana ɗaka, nawa suna waje suna dukan takalminsa."

"Kusan haka."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi sosai. Dogo ya ce bai ga masu ƙarfinsu ba."

Kawu ya gyaɗa kai, kamar wannan ma wani abu ne. "To ni me ya tashe ni?"

"Allah ya tashe ka. Ta wace hanya, ba zan rantse ba. Jiki yana da wata runduna, masu bi ɗaki-ɗaki suna rushe duk inda cutar ta ɓuya. Mai yiwuwa su ne. Su kuma ba a ara wa wani su haka kawai."

 A waje ana jin muryar Direba daga ƙasa, yana maimaita labarin, an kai wurin bokiti. Kawu ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya yi magana yana kallon allon, da muryar da yake tambayar mutum ko a rage gefe.

"Ni na riga ta samun sauƙi. Zazzaɓi ya sauka, na fara cin abinci. Ita tana ɗakin mata, katanga ce tsakaninmu. Wata nas ta ce mini jikin nata ya yi tsanani. Na taɓa ji ana cewa jinin wanda ya warke yana tashin mara lafiya. Da likitan ya shigo zagaye, na riƙe rigar ledar nan tasa. Na ce ya ɗibi nawa ya sa mata, ko duka ne. Ya ce ba zai yi ba. Na durƙusa masa, ni da na girme shi. Ya ce in koma gado." Ya share wani abu daga gwiwarsa da ba ya nan. "Washegari aka zo aka gaya mini."

Auta ba ta taɓa jin wannan ba. Ta tabbata Umma ma ba ta taɓa ji ba.

"Tun daga ranar nake cewa maganinta yana jikina, ina yawo da shi, ina aski da shi. Da na fi haka naci. Da na fasa ƙofar." Ya juyo ya dube ta. "Ke likita ce ko ba ta mutane ba. Da ya ɗiba, da ta tashi?"

Ta so ta ce Allah ne masani ta tsaya nan, kuma da ba ta yi ƙarya ba. Amma ya tambaye ta ne a matsayin wadda ta duba.

"Ban ga abin da zai tashe ta a ciki ba, Kawu. Wannan da na nuna maka, bayan jikinka ya samu shekaru yana gyara aikinsa ne. A wancan makon ko su ma ba su gama fitowa ba. Ko na Direba, sai daga baya irinsa ke zuwa. Kuma kai lokacin cutar ba ta gama barin jininka ba. Da ƙara mata za a yi."

"Ƙari."

"Ƙari."

Ya sake kallon ƙahon yana juyawa.  Sannan ya ciro hankici, ya fyace hanci da ƙarfi, ya ninke shi, ya ce sanyin ɗakin nan ya yi yawa, ya kamata su ji tsoron Allah da na'urar sanyaya ɗaki. Auta ta tashi ta rage. Ta tsaya a can tana danne-danne fiye da yadda ake bukata.

A hanyar komawa Kawu ya zauna a gaban bas ɗin, kuma tunda Direba ne ke tuƙi, ba sai an yi wa kunne dabara ba, na hagu ne ke fuskantarsa. Auta ta ga suna fita, Direba yana nuna jijiyar hannunsa, Kawu yana kallon titi.

Zancen jami'a ya mutu a shago. In wani ya tayar, Kawu kan ce jinin ya gama, ya dawo gida. An buga hoton a wata mujallar masana, aka yi ta aiko wa Oga saƙon taya murna. Magani dai bai fito ba tukuna. Da aka gwada antibodin Direba da wani ɗan'uwan ƙwayar daga wani yanki, sai aka tarar 'yar kafar ta ɗan karkace, kamun bai yi ƙarfi ba. Auta ta koma kan kwalabenta masu ruwan hoda. Ba wanda ya gaya wa Direba wannan sashen, shi ma bai tambaya ba.

Bayan 'yan makonni Kawu ya aiko a ce wa Auta ta zo ta raka shi unguwa. Ta same shi ya rufe shago da rana tsaka, ya sa riga mai guga, ga jakar kayan aski a hammata.

"Ina za mu?"

"Asibiti."

"Jikin ne?"

"Lafiyata ƙalau."

Suka shiga ta babbar ƙofa. Bai san sunan likitan ba, fuskarsa ma bai taɓa gani ba sai idanu ta bayan gilashi. Abin da ya riƙe kawai, gajere ne, yana ɗan ɗingishi, kuma ta gefen hular leda ana hango gashi baƙi mai yawa. Wata tsohuwar nas ta gane wanda ake nufi tun kafin a gama kwatance, ta nuna musu ɗakin ƙarshe a sashen yara. Suka jira a benci tare da iyaye mata da jarirai har layi ya zo kansu.

Likitan ya ɗago kai daga takarda. "Ina yaron?"

"Ba yaro," in ji Kawu. "Ni ne na riƙe maka riga lokacin annoba. Na ce ka ɗibi jinina ka sa wa matata."

Likitan ya ajiye biro. Ya dubi Kawu, ya dubi Auta, ya dubi ƙofa. "Baba, mutane da yawa sun riƙe mini riga a lokacin."

"To ni ina cikinsu. Na zo in ce maka ka yi daidai. An duba."

 Likitan ya ce, "Allah ya jiƙanta." Ya yi gyaran murya. "Na gode, Baba. Ba a cika dawowa a faɗa mini ba."

"Na zage ka da yawa. Ba a gabanka ba." Kawu ya ɗora jakar a kan tebur, ya zuge zif. "Ni mai aski ne. Na ce bari in zo in yi maka da hannuna."

Likitan ya cire hular aikin da ke kansa. Kan yana sheƙi tun daga goshi har ƙeya, ko silin gashi babu.

Kawu ya duba ta dama, ya zagaya ya duba ta hagu, yadda mai sana'a ke duba aiki.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar."

 A waje wani jariri ya tsala kuka. Kawu ya mayar da injin askin cikin jaka, ya ciro ƙaramin almakashi da mataji.

"Gemun fa?" ya ce. "Ɗaga haɓa in gani."

Likitan ya dubi agogon bango, ya ce da Auta ta leƙa ta gaya wa na layi su yi masa haƙuri kaɗan. Sannan ya ɗaga haɓa.